Ranar da Aka Kawo Botes a Baro

Na yi aiki da nas-nas da dama, amma ban taɓa zama da mai riƙo irin Sista Chengeto Mavhunga ba. Mutuniyar Mutare ce ta ƙasar Zimbabuwe, gajeriya mai jiki, kullum kanta a aske ƙwal. Ni sunana Zefanias, haifaffen nan garin Tete, a ƙasar da ke maƙwabtaka da tasu. Mu biyu ne muke riƙe da asibitin wani sansanin ma'aikata a bayan Moatize, inda ake haƙar kwal. Asibitin ma suna ne kawai, kwantena uku ne aka haɗe aka fasa musu tagogi. Likita ranar Laraba yake leƙo mu, sauran ranakun sai dai a waya. Ita ce babba a wurin, ko da yake na girme ta.

Marasa lafiyarmu kusan duk baƙi ne. Akwai 'yan Filifin masu walda, da Indiyawa masu aikin lantarki, da Turawan Afirka ta Kudu da ke riƙe da shugabanci. Jinyar baƙo kuwa ba irin ta ɗan gida ba ce. Ɗan gida idan kansa ya sara zai zo ya faɗa, har ya ƙara gishiri don a ba shi hutu. Baƙo ɓoyewa yake yi, yana tsoron kada a ce ba shi da lafiyar aiki a ɗora shi a jirgi. Shi ya sa Sista ba ta zaman jiran kowa. Da sassafe za ka same ta tsaye a ƙofar ɗakin cin abinci da kofin shayi a hannu, tana gaisawa da mutane, idonta kuwa yana kan wanda ya bar shinkafarsa, da wanda leɓensa ya tsattsage, da wanda ke jan ƙafa. Ta koyi 'yan kalmomi a harshen kowa: ina ke ciwo, ka yi amai, wane launi ne fitsarinka, yaushe rabonka da kiran matarka. Ta san Ba'indiyen da ba zai haɗiyi magani ranar azuminsa ba. Ta san wanda ciwonsa kewar gida ce kawai, sai ta zaunar da shi ta ce ya nuna mata hoton 'ya'yansa. 'Yan Filifin Ate suke ce mata, wato yaya. Ni kuma Mano Zefa take ce mini, wato ɗan'uwa Zefa. Ta sha gaya mini, "Mano Zefa, waɗannan mutanen in ɗayansu ya yi maka murmushi ya ce ba komai, to ka je ka gyara gado."

Haka ta kama Efren Dimaano, wani siririn mai walda mai son waƙa. Cikin tsakiyar zafin Oktoba ne, lokacin da ko akuyoyin Tete ba sa barin gindin kuka, sai ga shi ya shigo karin kumallo sanye da rigar sanyi.

Ta ce, "Efren, ƙanƙara ake yi a ɗakinku?"

Ya yi murmushi. "Ba komai, Ate. Sanyin esi ne ya yi mini yawa jiya."

"Ajiye farantin nan ka biyo ni."

Muka auna jininsa, maleriya ce, kuma ta yi nisa. Ta kwantar da shi, ta ɗaura masa ruwa, ta yi masa allurar farko. Ba a daɗe ba sai ga Frik Botes, shugaban masu walda, wani ƙaton Bature mai jan wuya da bai yarda akwai ciwo ba in ba jini ya gani ba. Ya faɗo mana da takalminsa duk ƙurar kwal, ko gaisuwa babu.

"Me mai waldata yake yi a kwance?"

Sista ta ce, "Jinya yake yi. Fita mini da takalmin nan."

"Ina da tankin da dole a rufe yau. Ba shi ƙwaya biyu ya taso."

"Ba ciwon kai ba ne, Mista Botes. Irin wadda ke hawa ƙwaƙwalwa ce. In ya shiga rana yau, gawa za ka dawo mini da ita."

Botes ya yi dariya. Bai ƙara kallonta ba, ya juya wajen gadon. "Kai, buɗe kunnenka. Akwai jirgi ranar Juma'a. Ko ka tashi yanzu, ko ku hau shi kai da ƙanin matarka. Kai ka kawo shi, tare zan mayar da ku." Ya fita ya tada mota, ya zauna yana jira.

Ƙanin matar nan shi ne Jomar, wanda Efren ya yi wa hanyar aikin bai daɗe da zuwa ba. Efren ya dubi rufi, sannan ya kai hannu ya zare allurar ruwan da kansa. Sista ta tare ƙofa, ta riƙe masa hannu.

"Ba inda za ka."

"Ate, don Allah. Ina da yara a makaranta. In aka mayar da mu mu biyu, gida biyu ne suka rushe."

"In ka mutu fa, gida nawa ne?"

"Yau kaɗai ne. Da yamma zan dawo ki yi mini duk allurar da kike so."

Ya riƙa ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya yana ba ta haƙuri, har ya fita. Ta kira manajan sansani, yana Maputo wayarsa a kashe. Ta taka da ƙafa cikin ranar nan har ƙofar wurin aiki, masu gadi suka ce Bos Botes ya hana kowa shiga in ba mai walda ba.

Rana ta karkata aka kawo mana shi a bayan akori-kura. A cikin tankin ya faɗi, yana jijjiga, bai san inda yake ba. Mun yi duk abin da muka sani. Mun kira jirgin ɗaukar marasa lafiya daga Johannasbag, amma kafin ya sauka a Tete Efren ya cika. Sista ta ɗauko tawul da ruwan ɗumi ta goge masa baƙin walda daga fuska da wuya, ta rufe masa ido. Ba ta yi kuka ba. Da aka rasa mai ƙarfin halin kiran matarsa a ofis, ita ta ɗauki waya ta kira. Sunan matar Luz.

Daga baya manya suka zo daga hedikwata bincike. Botes ya zauna ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya ya ce shi dai ya zo dubiya, nas ta ce masa an ba mutumin magani zai iya komawa aiki. Na faɗi abin da na gani da idona, suka ce ai ni abokin aikinta ne, dole in kāre ta. Aka kira Jomar, ya kafa wa ƙasa ido ya ce shi ba ya wurin. Sauran masu waldar duk suka zama kurame. A ƙarshe aka raba laifin biyu, rabi taurin kan mamaci, rabi sakacin nas. Aka ja wa Sista kunne, aka ce in ta sake za ta bar aikin.

Washegari tana tsaye a ƙofar ɗakin cin abinci kamar kullum, Botes ya zo wucewa da 'yan'uwansa Turawa.

"Sista, yau wa za ki kwantar mini?"

Suka tuntsire da dariya. Ita kuwa ta kurɓi shayinta ta ce masa ina kwana. Da muka koma asibiti tana jera magani, ba tare da ta juyo ba ta ce, "Mano, yaushe damina ke sauka a garin nan naku?"

Na ce, "Ƙarshen Nuwamba, in an yi sa'a. Me ya faru?"

"Ba komai. Tambaya ce."

Duk ranar Litinin Sista takan raba wa baƙi ƙwayar rigakafin maleriya a bakin ƙofar nan. Botes dama ba ya karɓa, kuma da can takan bi shi da magiya har mota. Yanzu sai ta canza salo. Ta miƙa masa a gaban kowa, da ladabi har da ɗan rusunawa.

Ya ture hannunta. "Na yi Angola, na yi Kwango. Sauron da ya cije ni shi ke mutuwa. Maganina yana cikin kwalba."

Ta ɗaga murya tana murmushi. "Jama'a, kun dai ji ko? Na miƙa masa, ya ce ba ya so."

Haka ta riƙa yi kowane mako, ba ta taɓa fashi ba, ba ta kuma taɓa ƙara kalma ɗaya a kai ba. Da ruwa ya sauka, kududdufai suka cika bayan sansani, sauro ya taso kamar hayaƙi. Kowa yana shiga gidan sauro da wuri, shi kuwa Botes da an tashi daga aiki zai fito ƙofar ɗakinsa da gajeren wando yana gasa nama yana shan giya. In mun rufe asibiti mun zo wucewa, sai Sista ta rage tafiya tana kallon farin ƙwaurinsa, irin kallon da mai kiwon akuya ke yi mata ana gab da Kirsimeti.

Na ce, "Sista, wannan kallon naki ba na nas ba ne."

Ta ce, "Na hana shi gidan sauro ne? Tafi mu tafi."

Duk ranar Lahadi kuma Luz takan kira ta a waya ta bidiyo bayan an taso daga coci. Su daɗe suna magana. Ni ba na saurara, amma na lura duk ranar da suka yi hira Sista ba ta cin abincin rana.

Cikin Janairu, wata safiya ana yayyafi, Botes ya shigo ɗakin cin abinci da jibgegiyar riga, idonsa jajir, ya zauna yana juya ƙwai a faranti bai kai baki ba. Na dubi Sista. Ta riga ni gani. Ta taka har teburinsa.

"Mista Botes, ba ka da lafiya. Ka zo mu duba jininka."

"Mura ce. Kama gabanki."

"Na dai gaya maka. Ƙofarmu a buɗe take."

Ta juyo, muka tafi. Muna shiga asibiti ta fara aiki kamar mai shirin tarbar baƙo. Ta sake zanin gado, ta fito da alluran maleriya ta jera, ta duba tukunyar iskar numfashi, ta sa aka ƙara wa janareta mai. Har 'yar waƙar coci take yi ƙasa-ƙasa.

Na ce, "Bari in je in lallashe shi. Kin san kunyarki yake ji."

"Ba kunya ba ce, tsoro ne. Je ka in kana so."

Na je na same shi a bakin mota, ya zage ni tas, ya ce in koma in gaya wa mayyar nan ba zai kwanta a gadonta ba. Na dawo na faɗa mata. Ta ce, "Babba ne ai, ya san abin da yake yi." Ta ci gaba da naɗe bandeji.

Ya yini ranar, ya sake yini washegari yana haɗiyar maganin ciwon kai da giya. Rana ta uku aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya, har ya cinye kwalbatin da ke tsakanin sansani da wurin aiki, mota ba ta iya wucewa. Wajen hantsi muka ji hayaniya, muka leƙa. Ga masu walda nan tafe cikin ruwa, sun jeru kamar masu rakiyar amarya, a tsakiyarsu baron kwasar siminti. Botes ne a ciki, ƙafafunsa na reto ta gaba, kansa na lilo ta baya, wandonsa ya ɓaci. Jomar ne ke turawa. Ba gudu yake yi ba, kuma babu ramin da ya kauce wa.

Da suka iso Jomar ya ajiye baron a gaban Sista, ya share ruwa daga fuskarsa ya ce, "Ate, ga kayanki."

Ban taɓa ganin ta yi aiki mai kyau irin na ranar nan ba. Jijiyoyinsa duk sun ɓuya, na soka sau biyu na rasa, ita ta karɓa ta samu a karo ɗaya. Ta yi masa allura, ta auna sukarin jininsa ta ga ya faɗi ta ɗaura masa ruwan sukari, ta sa masa robar fitsari, ta juya shi gefe don kada amai ya shaƙe shi. Ta kira likita ta karanta masa komai. Likitan ya ce hanyar filin jirgi ta yanke, jirgi ma ba zai sauka cikin wannan hadarin ba, mu riƙe shi iya ƙarfinmu. Can da numfashinsa ya fara sarƙewa, ta gyara masa iskar a hanci, ta sunkuya dab da kunnensa. Ina kusa, na ji abin da ta ce.

"Ba yau ba, Botes. Ba ka isa ka tsere mini ta nan ba."

Muna da wani ɗan ɗaki mai esi da ake kwantar da manya. Ba ta sa shi a can ba, ta ce rufin yana yoyo. Yana yoyon kuwa, amma ɗan kaɗan ne, a kusurwa. Sai ta bar shi a babban ɗaki tsakanin wani Ba'indiye mai gudawa da wani ɗan Filifin da ƙarfe ya yanka, ba labule.

Da ya farfaɗo, abin da ya fara gani shi ne Sista tsaye a kansa ta ɗaga sirinji sama tana ƙyasta shi da farce don iska ta fita. Ya zabura zai tashi, ya kasa.

"Mene ne wannan? Me za ki sa mini?"

"Magani."

"Wane iri?"

"Kawo hannun."

Ya juyo wajena. "Kai, Zefa, kai za ka riƙa yi mini."

Wannan ne karo na farko da ya kira sunana. Na gaya masa gaskiya, jijiyarsa ba ta ba ni haɗin kai, in allurar ruwan da ke hannunsa ta toshe ita kaɗai ke iya samo wata jijiyar. Ya rufe ido. Ta tura maganin a hankali, a hankali, tana kallon fuskarsa har ya ƙare.

Ba ta taɓa yi masa barazana ba, ko sau ɗaya. Ba ta makara da magani ba, ba ta bar shi cikin ƙazanta ba. Shirunta ne yake cinsa. In ta kawo masa kunu, sai ya tsaya yana shinshinawa. Ita kuma ta ɗauki cokali ta sha ɗaya a gabansa, ta lashe baki, ta ajiye masa ta tafi. In yana buƙatar fo, sai ya kira ta a gaban mutanen da yake wa tsawa jiya-jiya, ta ce masa, "Ɗaga murya, ban ji ba." Ya maimaita, ɗakin kowa na ji.

Masu walda kuma suka tsiri zuwa dubiya. Da an tashi cin abincin rana sai su shigo da farantan shinkafa da soyayyen kifi, su kewaye gadonsa, su ce, "Sannu, Bos," su tsaya suna ci suna kallonsa, ba mai cewa uffan. Wani dattijo a cikinsu har yakan tambaya da fuskar tausayi, "Bos, a kawo maka ƙwaya biyu?" Botes ya roƙe ni in kore su. Sista ta ce a ƙasarsu haka ake yi wa marar lafiya, ita kuma ba ta raina al'adar kowa.

Da hanya ta buɗe likita ya zo ya duba shi, ya ce ya wuce haɗari, ba sauran buƙatar jirgi, ya ƙarasa jinyarsa a hannun da ya tashe shi. Botes ya kama rigar likitan yana cewa a fitar da shi, matar nan kashe shi za ta yi. Likitan ya yi dariya ya ce zafin zazzaɓi ne bai gama sakinsa ba.

Bayan likita ya tafi, Sista tana canza masa ruwa, ya ce a hankali, "Me kike so?"

"Ina so ka shanye ruwan kofin nan. Fitsarinka bai washe ba."

"Kin san abin da nake nufi. Faɗi, me kike so in yi?"

"Ni nas ce, Mista Botes. Me zan so a wurin marar lafiya?"

Ta gyara masa matashin kai ta wuce. Ya bi bayanta da kallo, leɓensa na motsi.

Ranar Lahadi da safe manaja ya aiko yana tambaya yaushe ya dace ya zo dubiya. Sista ta ba shi lokaci. Ya iso da ledar lemo da ayaba, ya tarar da masu walda sun riga shi cika ɗakin, tunda ranar hutu ce. Yana zama wayar Sista ta yi ƙara. Ta duba, ta ce, "Luz ce, matar marigayi Efren. Ta ji ba ka da lafiya, ta ce tana son gaishe ka." Kafin wani ya yi magana ta jingina wayar da butar ruwa a kan teburin gadonsa, fuskar matar na kallon tasa.

'Yar ƙaramar mace ce sanye da baƙar riga. Ba ta ɗaga murya ba.

"Kai ne Bos Botes? Efren yana yawan ba ni labarinka. Na zaci ka fi haka girma."

Botes ya kawar da kai.

Ta jawo yara uku gaban wayar, ta faɗi sunan kowanne. Babbar ta bar makaranta tana wanki a gidan mutane. Ƙaramin har yanzu in jirgi ya wuce sai ya fita waje da gudu. Ta sallami yaran, ta matso da fuskarta.

"An aiko mini cewa mijina taurin kai ne ya kashe shi, da sakacin nas. Uwarsa ba ta fita kasuwa saboda wannan magana. Ni na zauna da shi, ban san shi da taurin kai ba. Kai kana wurin. Ga ka nan ka ɗanɗana irin ciwon da ya kwantar da shi. Ina tambayarka, da ƙafarka za ka iya tashi daga gadon nan ka shiga tanki, in ba wani ne ya tashe ka ba?"

 Daidai lokacin Sista ta zagayo ta ɗaya gefen da tiren allura, don lokacin maganinsa ya yi. Ta fasa kwalba, ta zuƙe, ta ɗaga sirinjin sama, ta tsaya tana jira.

Botes ya dubi wayar, ya dubi sirinjin, ya dubi mutanen da suka kewaye shi. Sai ƙaton nan ya fashe da kuka kamar yaro.

"Ni ne. Ni na tashe shi. Ta ce zai mutu, na ce in bai tashi ba zan kore su shi da Jomar. Ta tare ƙofa. Ba ta sallame shi ba, ƙarya na yi."

Luz ta ce, "Sake faɗa. Layin ba shi da kyau."

Ya sake faɗa.

Jomar ya matso gaba, ya ce wa manaja shi ma yana da magana. Ya faɗi yadda Efren ya yi amai sau biyu a bakin tanki Botes ya ce ya shiga haka nan. Wani ya karɓe, wani ya karɓe, duk abin da suka haɗiye tun Oktoba ya fito, har da na waɗanda aka kora tun kafin zuwan Efren. Manaja yana zaune da ledar lemo a cinya ya rasa inda zai ajiye ta.

Botes ya ce wa wayar, "Ki yafe mini."

Luz ta ce, "A'a." Ta kashe.

Sista ta ce, "Kawo hannun." Ta yi masa allurarsa.

Da ya warke kamfani ya sallame shi. Aka kuma sake aika wa iyalin Efren bayani na gaskiya, aka ba su haƙƙin wanda ya mutu a bakin aiki, wanda da an hana su. Ranar da zai tafi ya zo karɓar ragowar maganinsa, ya rame, riga na yawo a jikinsa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya cire takalmi ba wanda ya ce masa. Ya miƙa wa Sista hannu.

"Ko ma mene ne, kin ceci raina."

Ta dubi hannun, ta ɗora masa ledar magani a kai. "Da kura aka turo mini a baron nan, haka zan yi mata. Ka sha bayan ka ci abinci, kada ka haɗa da giya. Mano Zefa, wa ke biye?"

Ita ma ba ta tsira ba. Manya ba sa son nas mai tara musu jama'a a ɗakin jinya. A asirce suka janye jan kunnen da suka yi mata, amma da kwantiraginta ya ƙare ba su sabunta ba. Ba ta roƙi kowa ba. Ta samu wani sansanin a Pemba, wajen masu aikin iskar gas.

Lahadin ƙarshe masu walda suka yi mata walima a gindin kukar bayan asibiti. Suka gasa akuya guda, aka dafa shinkafa, matan kicin suka tuƙa tuwon masara, Indiyawa suka kawo wani wake mai yaji da ya sa kowa hawaye. Aka jona lasifika, Jomar ya kama makirfo ya yi ta rera waƙa da muryarsa mai kama da ta agwagwa, ba wanda ya hana shi. Sista ta yi rawa har ta yi gumi, sannan ta zo ta zauna kusa da ni da faranti shaƙe da nama.

Na ce, "To, Sista, yanzu zuciya ta yi sanyi?"

Ta yagi nama ta tauna, ta daɗe tana kallon masu rawa.

"Ba ta yi ba. Amma abinci ya fara yi mini daɗi. Miƙo mini barkonon nan."